Yadda "da sauƙi" ta cinye mini haƙƙina

Ƙannena da ke sanye da kakin sojan Amurka, da ku da kuka ajiye shi kwanan nan, ku ba ni aron hankalinku.

Ƙwannafi ya kama ni tun ina cikin kaki. Gwiwa ce ta fara lalacewa saboda gudu da ɗaukar kaya, aka riƙa ba ni ibuprofen mai miligiram 800, ƙwayar da sojoji ke watsawa baki kamar gyaɗa. Ba a jima ba na fara jin wuta a ƙirji, ruwa mai tsami yana taso mini har maƙogwaro, musamman in na yi sujada ko na kwanta bayan sahur. Ko sau ɗaya ban kai kukan wannan asibitin bariki ba. A gidan da na tashi, ƙwannafi ba ciwo ba ne, kanwa ake jiƙawa a sha a ci gaba da harka. Da babu kanwa sai na koma sayen Tums a kanti. Maganin kanti kuwa ba ya shiga fayil ɗin soja.

Bayan na bar aiki likita ya ce GERD ce, wato ciwon yawan tasowar ruwan ciki mai tsami zuwa maƙogwaro, na nemi diyya a ma'aikatar tsoffin sojoji, wato VA. Abu uku suke dubawa: ciwon da likita ya tabbatar yanzu, abin da ya faru lokacin aiki, da igiyar da ta ɗaure biyun. Na farkon kaɗai nake da shi. Aka kira ni gwajin lafiyar masu neman diyya da ake ce wa C&P, likitar ta tambaye ni yaya jiki, bakina ya riga hankalina: da sauƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu, ko mutum yana kan gadon asibiti amsar ke nan. Ita kuwa baiwar Allah abin da ta ji ta rubuta. Ban gaya mata a jingine nake barci da matasai uku ba, ban ce nama yana tsaya mini a ƙirji sai na kora da ruwa ba. Takarda ta zo, an ƙi. Ban ga laifin kowa ba, ni na ba da shaida a kan kaina.

Tun 19 ga Fabrairu 2019 hanyoyin ɗaukaka ƙara uku ne, kuma a nan na yi ɓatan kai na biyu. Akwai neman wani babban jami'i ya sake duba fayil, da fom 20-0996. Akwai ƙarin hujja, da fom 20-0995. Akwai kuma zuwa gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara, da fom 10182. Na zaɓi ta farko don kalmar "babba" ta burge ni, alhali a hannuna sabuwar wasiƙar likita ce. Wannan hanyar ba ta karɓar sabuwar hujja ko ɗaya, abin da ke cikin fayil tun farko shi kaɗai ake dubawa. Wasiƙata ba ta yi amfanin komai ba.

Sai na yi fushi, na jefa takardun a durowa na ce na bar wa Allah. Tawakkali gaskiya ne, amma nawa lalaci ne da na sa wa rawani. Shekara ɗaya ake ba mutum daga ranar hukunci. In ya motsa a cikinta, duk ranar da ya yi nasara za a lissafa masa kuɗi tun daga buƙatarsa ta farko. Ni na bari ta wuce, kuɗin watannin nan duka suka bi ruwa.

Wani dattijo a DAV, ƙungiyar tsoffin sojoji masu naƙasa, shi ne ya warware mini, kyauta, don su da takwarorinsu VFW da American Legion ba sa karɓar ko sisi a kan wannan taimako. Ya duba fayil ɗina ya ce, ai an riga an amince aikin soja ne ya lalata maka gwiwa, me ya sa kake neman ƙofar da babu? Doka ta yarda da ciwon da wani ciwon aiki ya haifar ko ya tsananta, har da ta hanyar maganinsa. Na koma wurin likita da jerin magungunan da na sha shekara da shekaru, ya rubuta cewa yiwuwar ibuprofen ce ta jawo ko ta ƙara ciwon ta kai rabi. Rabin nan shi ne ma'auninsu, in hujja ta yi kunnen doki tsohon soja ake ba gaskiya. Matata ma ta rubuta abin da take gani da dare a fom 21-10210, kuma ta fi ni faɗin gaskiya.

Ku da za ku nema yanzu, ma'aunin da VA ke yanke wa ciwon kason naƙasa da shi, wanda a kansa ake biyan diyya, ya sauya tun 19 ga Mayu 2024. Da ana auna GERD da ma'aunin wani ciwo mai kama da ita, kashi 10, 30 ko 60, bisa zafin ƙirji da amai da makamantansu. Yanzu tana da lambarta, 7206, kashi 0, 10, 30, 50 ko 80, kuma abin da ake dubawa shi ne ƙuntatar hanyar da abinci ke bi zuwa ciki da wahalar haɗiya. Wanda ake buɗa masa hanyar har sau biyu a shekara yana kashi 30, sau uku ko fiye kashi 50. A ganina ma'aunin ya yi wa mai ƙwannafi zalla tsauri, amma shi ke aiki. Ba a karɓar ƙuntatar da baki, sai an zura kyamara, ko hoton CT, ko hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyom. Na daɗe ina gudun kyamarar nan don tsoro. Da aka yi, barci aka sa ni, na farka matata na zaune a gefe tana tambayar me zan ci.