Ƙusar da ta saki da gidajen mutanen tsibirai

A Sakkwato, kafin ruwan farko na damina ya sauka, iska mai ƙura ce ke riga shi isowa, kuma washegari ba a rasa ganin fallayen kwano a yashe a bakin hanya. A bara na tsaya ina kallon wani kafinta yana gyaran rufin maƙwabcinmu, sai ya ɗaga wani katako ya nuna mini ramukan da ƙusoshi suka bari, ya ce: "Malam, ai kwanon bai yage ba, ƙusa ce ta saki." Maganar nan ce ke dawo mini duk lokacin da nake tunanin mutanen ƙananan tsibirai na yankuna masu zafi, waɗanda guguwar da ke afka musu ta ninka tamu ƙarfi nesa ba kusa ba.

A watan Fabrairun 2016 guguwar Winston ta ratsa tsibiran Fiji da ke tekun Fasifik, ta hallaka mutum 44, ta kuma lalata dubban gidaje. A watan Satumban 2017 guguwar Maria ta faɗa wa tsibirin Dominika da ke tekun Karibiyan, inda asarar da aka yi ta haura ninki biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara guda. Ƙasar Tuvalu kuwa, wurin da ya fi ko'ina tudu a cikinta bai kai mita 5 a saman teku ba. Duk da haka, hayaƙi mai ɗumama duniya, wanda ke ƙara wa guguwa ƙarfi yana kuma ɗaga teku, da ƙananan ƙasashen tsibirai ke fitarwa gaba ɗayansu bai kai kashi 1 cikin 100 na na duniya ba.

Guguwa ba ture gida kaɗai take yi ba, tsotse rufin take yi zuwa sama, kuma da zarar rufi ya tashi sai bango ya rasa abin da ke riƙe da shi. Injiniyoyi sun san cewa rufi mai gangara ta fuska huɗu ya fi jure iska, kuma maɗaurin ƙarfe da ke haɗa rufi da bango har zuwa harsashi yana ceton gida. Sai dai a tsibiri iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe da tsatsa, yashin bakin teku yana ɓata rodin da ke cikin kankare, siminti da kwano kuma sai an yi jigilarsu a jirgin ruwa da tsada. Wane maɗauri ne zai yi shekara 20 a cikin gishiri? Wane gida ne masunci zai iya gyarawa da kansa bayan guguwa, ba tare da ya jira jirgi ba? Gwaji kaɗai ke amsa waɗannan tambayoyi, gwaji kuwa sai da kuɗi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin gine-ginen gargajiya. Lokacin da guguwar Pam ta daki Vanuatu a watan Maris na 2015, da yawa daga ɗakunan taro na gargajiya da suke kira nakamal sun tsaya, har mutane suka fake a cikinsu. A Fiji ma akwai ɗakin bure, wanda ake ɗaure itatuwansa da igiyar zaren kwakwa, ta yadda yake lanƙwasawa da iska maimakon ya karye. Mu nan mun san irin wannan ilimi. Kakanninmu sun yi soro da tubali da azarar giginya, suka yi masa yaɓe da makuba, suka fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da bango, kuma a zafin Afrilu ɗakin ya fi na kwano sanyi. Mun yi watsi da shi ne saboda ba a auna ƙarfinsa an inganta shi ba, kuma ambaliyar kogin Rima ta 2010 ta nuna mana yadda gindin ginin ƙasa ke narkewa idan ruwa ya kwanta.

A taron sauyin yanayi na Masar a 2022 an amince da kafa asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa, a Dubai a 2023 kuma aka yi masa alkawarin kusan dala miliyan 700. A ganina wajibi ne a ware wani kaso na irin waɗannan kuɗaɗe domin binciken gidaje, a bayar da shi kyauta ba bashi ba, domin bai dace a ɗora wa wanda aka cuta ruwan bashi ba. A kai shi jami'o'in da ke yankunan, irin su Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Suva, babban birnin Fiji, a ɗauki tsofaffin magina aiki a biya su a matsayin masana, a gina ɗakunan gwaji a auna ƙarfinsu, domin hukumomin gini su samu alƙaluman da za su dogara da su. Sakamakon kuma a buga shi da zane a harsunan mutanen, yadda kafinta irin na unguwarmu zai duba ya san inda zai sa maɗauri da yawan ƙusoshin da zai buga masa.