Buhu ɗaya da buhu 16: inda lissafin z yake rikita ɗalibai

A ce injin wata masana'anta yana cika buhunan shinkafa. Matsakaicin nauyinsu kilo 50 ne, ma'aunin watsuwa kuma, wato sigma, kilo 0.8, sannan nauyin yana bin rarrabuwar nomal mai siffar ƙararrawa. Tambaya biyu ake yi a kan wannan, sun yi kama da juna amma amsarsu ta sha bamban.

Ta farko: mece ce yiwuwar buhu ɗaya ya gaza kilo 49.6? A cire 50 daga 49.6, a raba da 0.8, z, wato yawan sigma da ke tsakanin nauyin da matsakaici, ya zama −0.5. Teburin z, wanda ke nuna yiwuwar da ta dace da kowane z, zai ba da 0.3085. Kusan buhu 31 ke nan a cikin 100, ba abin mamaki ba ne.

Ta biyu: idan aka ɗebi buhu 16 aka auna, mece ce yiwuwar matsakaicinsu ya gaza 49.6? Nan 0.8 ba ta da aiki ita kaɗai. Cikin buhu 16, mai nauyi yakan cike giɓin marar nauyi, shi ya sa matsakaici ba ya yawo kamar buhu ɗaya. Watsuwarsa ita ce sigma a raba da √n, inda n ke nufin yawan buhunan da aka auna: 0.8 a raba da 4, ya zama 0.2. Yanzu z ya koma −2, yiwuwar kuma 0.0228. Dillalin da ya ga haka yana da hujjar zargin saitin injin, alhali da buhu ɗaya ba shi da ita.

A lura da √n ɗin nan, tana da rowa. Kafin a rage 0.2 zuwa 0.1 sai an auna buhu 64, ninki huɗu.

Ko da asalin nauyin ba nomal ba ne, matsakaicin samfur, wato buhunan da aka ɗiba, yana kusantar nomal idan n ta yi yawa. Masanin lissafi Laplace ya nuna haka a 1810. Littattafai kan ce 30 ta isa, amma kada a ɗauke ta kamar doka. Bayanan da suka karkata sosai, irin kuɗin shigar jama'a, suna buƙatar fiye da haka.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne yadda ake ɗiba. Idan duk buhu 16 daga saman tirela ɗaya aka sauke su, wataƙila a jere injin ya cika su da saiti ɗaya, to raba sigma da √16 zai ba da tabbacin da babu shi. A kuma duba kan teburin kafin a karanta: wani daga ƙarshen hagu yake ƙirga, wani daga 0 zuwa z, sai ka ga 0.4772 a gaban z na 2 maimakon 0.9772. In kuwa ba a san sigma ba, daga buhunan 16 aka lissafo ta, a ajiye teburin z a ɗauki na t wanda masanin ƙididdiga Gosset ya fitar a 1908, a duba layin 15, wato n a cire 1.