Tsagar Bango da Ƙurar Silin

Aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai, babu maigida a kaina, wani gida ne a Zariya, irin gidajen ma'aikatan nan da aka gina a shekarun 1970. Bangon falo ya tsage daga kusurwar taga ya gangara ƙasa a karkace, har ɗan yatsa na shiga. Na kwaɓa siminti mai ƙarfi na cusa, na shafe sumul, aka bi da fenti. Mai gidan ya biya ni har da ƙarin kuɗin mota. Damina ɗaya aka yi ya aiko a kira ni. Tsagar ta dawo daidai inda take, ga kuma wata ƙarama ta biyo ta a gefe.

Na je na ɗauko dattijon da na koyi aiki a hannunsa. Kallo ɗaya ya yi wa bangon ya zagaya bayan gida, ya karɓi guntun rodi ya caka a gindin ginin, rodin ya nutse kamar a tuwo. Ashe bututun da ke kai ruwan ban-ɗaki sokawe ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ya daɗe yana jiƙa fandisho, wannan kusurwar tana zama a hankali. Ya juyo ya ce, "Kai yaro, bango na gaya maka akwai ciwo a ƙasa, kai kuma ka toshe masa baki."

Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar cokalin gini ba sai na san abin da ya haifi tsaga, kuma na san ko tana nan tana tafiya ko ta tsaya. Hanyar ganewa ba ta cin kuɗi. Ina ɗana 'yar filasta siririya ta haye tsagar a wuri biyu ko uku, in ja layi da fensir inda ta ƙare, in rubuta kwanan wata. Bayan wasu makonni, ko ma a bari a ga canjin yanayi daga rani zuwa damina, in dawo. Idan filastar ta dare, ginin na motsi, gyaran ba na bango ba ne. Nan ne muke yawan saɓawa da masu gida, domin mutum yana da biki nan da sati biyu, kai kana ce masa a jira. Na sha rasa aiki a kan wannan, kuma har gobe gara in rasa da in karɓi kuɗin mutum a kan aikin da na san an yi ba a yi ba.

Sirara-siraran tsagar nan kamar gashi da ke fitowa a saman sabon daɓe ko filasta ba sa ɗaga mini hankali. Galibi ƙishirwa ce. An zuba kankare da hunturu ko da zafin bazara, iska ta zuƙe ruwan saman kafin siminti ya kama jikinsa, ba a kuma ba shi ruwa na aƙalla kwana 7 ba. A toshe su don kada ruwa ya samu hanya, shi ke nan.

Wadda nake tsoro ita ce mai bin layin rodi, a ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare, ko a jikin fila, da tabon ja-ja a gefenta. Ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji wurin na amsawa kamar ganga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren kankare ruwa ne da iska. Da sun isa ga rodi sai ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri ninki-ba-ninki, sai ta yi ta turo kankare daga ciki har ya ɓalle. Duk inda na fasa irin wannan, abu ɗaya nake tararwa: ranar zubi an kwantar da rodi a kan katako, ba a ɗaga shi da 'yan gutsattsarin da muke ce wa biskit ba, don haka rigar kankaren da ya kamata ta rufe shi, kamar milimita 25 a cikin gida, ba ta samu ba. Gyaransa sai an tokare da katako ko ƙarfe tukuna, a sassaƙe har bayan rodin, a kankare tsatsar sai ƙarfe ya yi haske, a shafa maganin da ke haɗa tsohon kankare da sabo, sannan a cike. In rodin ya sirance, ba hurumina ba ne, injiniya nake kira. Ifoksi kuwa, wani irin gam da ake ɗurawa cikin tsaga, yana da kyau ga wadda ta daina motsi; in aka ɗura shi a mai motsi, gefensa za ta sake ɓullowa.

Duk wannan na koye shi da asarar siminti da jin kunya, abin da ake mayarwa. Darasin asbesto ne ya zo mini a makare.

Muna gyaran wata tsohuwar makaranta, rufinta irin kwanon simintin nan ne mai tudu da kwari, silin ɗinta kuma fararen allunan da kowa ke kira asbesto. Na sa wani yarona ya rage tsawon kwano ɗaya da injin yanka. Ƙura ta tashi fari fat, ta rufe masa gira da gashin ido. Sai ga injiniyar da ke duba aikin ta taho da sauri tana ɗaga hannu a kashe janareta. Ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka san abin da yaron nan yake shaƙa?" Na ce ƙurar siminti ce, mun saba. Ta ɗauki gutsuren kwanon ta nuna mini bakin da ya karye, ga wasu 'yan zarurruka farare sun leƙo kamar gashin masara. Ta ce waɗanda nake gani ba su ne abin tsoro ba, sai waɗanda ido ba ya iya gani.

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, mai zare-zare, ba ya cin wuta, ba ya ruɓa. Shi ya sa aka so shi, aka riƙa cuɗa shi da siminti, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ana yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa. Muddin allon na zaune lafiya ba a taɓa shi ba, zaren na ɗaure a cikin siminti. Da an yanka, ko an huda, ko an farfasa, sai ya watsu a iska, ya daɗe yana yawo, ya shige can ƙuryar huhu ya maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Yana sa huhu ya yi tabo ya ƙandare har numfashi ya gagara, yana kawo sankarar huhu, da wata sankarar ta fatar da ke lulluɓe huhu wadda likitoci ke kira mesotiliyoma. Mai shan taba haɗarinsa na sankarar huhu ya fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ciwon ba ya nuna kansa sai bayan shekara 20, 30, har 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu, wadda a da take haƙo shi ta sayar wa duniya, a 2008.

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Na riƙa lissafa silin nawa na sauke da guduma, in sa yara su share da tsintsiya, ƙura na tashi muna hira. Na tuna yadda nake komawa gida da kayan aiki, mai ɗakina ta kakkaɓe su a tsakar gida kafin ta jiƙa, yara na wasa a gefe. Na tuna sau nawa maƙwabta suka roƙi ɓaraguzan don cike rami a layi na ce su kwasa, motoci suka yi ta niƙe su, hunturu ya yi ta ɗauka. Ban yi da mugunta ba, amma rashin sanin bai rage ko zare ɗaya daga abin da muka shaƙa ba. Na je asibiti na gaya wa likita irin aikin da na yi da yawan shekarun, ya rubuta a katina.

Yanzu shawarata ta farko ga mai gida ita ce, in silin ɗin lafiyarsa ƙalau, a bar shi, a rufe shi da fenti, kada a goge shi da sanfefa, kada a huda shi don rataya fanka. Ba kowane allo da ake kira asbesto ne yake da shi ba, sunan ne ya bi har sababbin da ake yi da wani zaren daban, kuma ido ba ya rarrabewa sai ɗakin gwaji. Don haka duk tsohon da na tarar ina ɗaukarsa a mai shi. Idan cirewar ta zama dole, mutanen gida su fita, a kwashe kaya, a shimfiɗa leda mai kauri. A fesa ruwa mai ɗan sabulu allon ya jiƙu, a kwance ƙusa ɗaya bayan ɗaya, a sauke shi ɗungurungum, babu jifa, babu injin yanka, babu tsintsiya, sai jiƙaƙƙen tsumma. Kwanon kuma ba a taka shi kai tsaye, yana burmawa da mutum ba gargaɗi, sai an shimfiɗa katako. Takunkumin kemis da rawanin da ake naɗewa a hanci ba sa tare wannan zaren, sai mai lambar FFP3, shi ma sai ya kama fuska gam. Gemu na hana shi kamawa, saboda haka masu gemu cikin yarana, kuma suna da yawa, wani aikin nake ba su a ranar. Abin da aka cire a naɗe shi cikin leda biyu, a rubuta a jiki, a tuntuɓi hukumar muhalli ta jiha kan inda za a binne.

Wannan duk yana ƙara kuɗi da kwanaki, kuma akwai mai yi a rabin farashina cikin yini ɗaya. Watan jiya wani Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, ya yi shiru, ya ce jikokinsa a ɗakin suke kwana, in yi yadda ya dace. Da muka gama, ƙaramin yarona ya tsaya yana shafa farar rigar ledar da na saya masa. Ya ce, "Maigida, ko in tafi da ita? Ko yagewa ba ta yi ba." Na ce ya tsaya a fesa masa ruwa, ya tuɓe ta a hankali yana juya cikinta waje. Na karɓa na tura ta cikin leda tare da tsummokaran, na ɗaure bakin.