Godiya bayan dawowarmu daga Akara

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, da duk wanda ya bi mu da addu'a daga nesa.

Alhamdu lillahi, mun iso Kumasi lafiya daga taron kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya na 'yan makaranta da muka kai ɗalibanmu a Akara. Yaran nan takwas kowanne na damƙa shi a hannun iyayensa, kuma daren jiya ne na yi barcin da rabona da irinsa tun ranar da takardar gayyata ta shigo ofishin shugaban makaranta. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa, muryar ce ta dishe, ƙafafu kuma har yanzu a kumbure suke.

Ba zan maimaita muku abin da aka yi a gabanku ba. Kamfanin da ya yi mana alkawarin kuɗin rajista ya zame ana saura ƙiris, roƙon da muka fito muka yi, motar da ta mutu mana a wajen Nkawkaw, duk kun sani, wasunku ma sun fi ni riƙe labarin. Wannan ya wuce.

Sai dai akwai tambayar da iyaye mata suka yi ta yi mini a wajen suna da bakin famfo, ban taɓa zama na amsa ta da kyau ba: wai Malama, wasan kwaikwayo za a je yi shi ne har da ɗinka kwat? E, kwaikwayo ne, amma na zaman Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana ba kowane yaro ƙasa ɗaya daga cikin ƙasashe 193 na majalisar, ba shi yake zaɓa ba. Sai ya je ya binciko abin da gwamnatin ƙasar take faɗa a kan batun da aka ɗora, ya rubuta takardar matsaya shafi guda, ya iya tsayawa ya kare ta cikin minti ɗaya da rabi. Ba a cewa "ni ina ganin", sai dai "tawagar ƙasa kaza tana ganin". Daga nan a tashi a shiga ƙus-ƙus, kowa na neman wanda zai sa hannu a daftarin ƙudurinsa. Duk da Turanci, a gaban yaran manyan makarantun Akara waɗanda tun suna ƙanana suke wannan harka.

Mu kuwa a zauren makarantar allo muka koya, tsakanin la'asar da magariba, bayan almajirai sun tashi. Allunan sunayen ƙasashe da kwalin Milo muka yanka. Gudumar shugaban zama muciya ce da aka aro daga cikin gida, agogon ƙidayar lokaci kuma wayata, wadda ita ce laburarenmu, ita ce fitilarmu in an ɗauke wuta. Da na ga gwiwarsu ta fara sanyi sai na tuna musu cewa Kofi Annan a garin nan aka haife shi a 1938, ya riƙe majalisar a matsayin babban sakatare daga 1997 zuwa 2006, kuma tun a 1964 ɗan Gana, Alex Quaison-Sackey, ya shugabanci babban zaurenta. Yaron da aka ba Birazil ya ɗaga kwalinsa ya ce, "Malama, amma ai su ba 'yan Zongo ba ne." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce masa gaskiyarka, shi ya sa kai za ka je.

Wadda aka ba Faransa a kwamitin sulhu ita ce ta fi ba ni aiki, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Kakanta daga Dosso ya zo Kumasi, gidansu har gobe da Zabarmanci ake faɗa da yara, rediyon mahaifinta kuma ba ya barin labarin Nijar. Batun da aka ɗora wa kwamitin nasu shi ne tsaron Sahel. Da na je neman izini, Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, 'ya mace ta kwana a wani gari, wannan ɗaya. Na biyu kuma ta tsaya gaban jama'a ta wanke Faransa?" Na ce, "Baba Alhaji, ba zuciyarta za ta ba su ba, bakinsu za ta ara. Wanda ya san yadda abokin gardamarsa yake tunani, da wuya a ruɗe shi da daɗin baki." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ana gobe tafiya ya kawo ta da kansa, ya ce, "Ga amana nan."

Kalmar nan ce ta tsaya mini a maƙogwaro a daren da ba ku sani ba, don ban rubuta shi a ko'ina ba sai yanzu da iyayenta suka yarda.

A unguwar Nima ta Akara muka sauka, a gidan wata Hajiya da ta kwashe jikokinta ta bar mana ɗakuna biyu. Daren da za a wayi gari a yi babban zama, can tsakar dare na ji ana karkarwa a gefena. Na kai hannu, jikin yarinyar nan kamar garwashi. Haƙora na haɗuwa, ga amai, ga sambatu rabi Hausa rabi Turancin jawabinta. Ruwa ake yi a waje, kuma wanda ya san Nima ya san yadda lungunanta suke komawa in sama ta buɗe. Ban san kowa ba, ban san hanyar asibiti ba. Na riƙe waya, lambar Alhaji na gabana, na kasa dannawa. In ce masa me? Na yi ta maimaita hasbunallahu wa ni'imal wakil, ina jiƙa ɗankwalina ina shafa mata a goshi, sauran 'yan matan sun takure a kusurwa suna kuka ƙasa-ƙasa.

Hajiya ce ta yafa zane ta fita cikin ruwan. Jim kaɗan ta dawo da wata mata mai haya a bayan gidan, nas ce, Kirista, ba ta jima da saukowa daga aiki ba, ko takalmi ba ta tsaya sawa sosai ba. Ba ta tambayi su wane ne mu ba. Ta tsuguna, ta soki yatsar yarinyar ta ɗiga jinin a ɗan abin gwaji, muka zuba masa ido har layi biyu suka fito. Zazzaɓin cizon sauro ne. Ta koma ɗakinta ta kawo magani, ta ce in aman bai tsaya ba kafin asuba, da kanta za ta goya ta zuwa bakin titi a nemi mota. Sannan ta dube ni ta ce da 'yar Hausarta ta Nima, "Malama, kira babanta. Ɗiyarsa ce, gara ya ji yanzu." Na kira. Alhaji ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sai ya ce, "Ba nas ɗin wayar." Me suka tattauna ban ji ba, na dai ga tana gyaɗa kai tana cewa to Baba, to Baba.

Na zaci daga nan za ta tafi ta kwanta. Sai ta gyara zama a tabarma, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Da jikin ya ɗan lafa, yarinyar ta fara kukan cewa ta ja wa makaranta asara. Anti nas ta ce to tashi ki karanta mini jawabin, ni ce majalisar. Ashe mijinta tsohon soja ne, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanon da hular nan mai launin shuɗi, don haka maganar ba baƙuwarta ba ce. Yarinya ta karanta da murya tana rawa. Da ta gama, matar nan ta ce, "Ya yi daɗi. Amma in kuna da kirki haka, me ya sa aka ce sojojinku su fita daga Mali da Burkina da Nijar?" Ɗakin ya yi tsit. Tambayar da muka yi ta kewaye ta ke nan a zaure. Suka zauna su biyu, mai zazzaɓi da wadda ba ta runtsa ba, suna juya amsar har aka kira assalatu. Da na ciro kuɗi na miƙa mata, ta ture hannuna, ta ce ita ma tana da 'ya a makarantar kwana, wani ne yake duba mata ita.

Anti, na san kin ce kada in ambace ki, kuma ban faɗi sunanki ba. Amma mutanen Nima sun san wadda nake nufi. Allah Ya tsare miki 'yarki a duk inda take, Ya haɗa ta da masu tausayi irinki, Ya sa kada ki taɓa neman taimako cikin dare ki rasa.

Zaman safe bai same ta ba, nas ta hana. Da rana ta shiga, kwat ɗin ya yi mata yawa, leɓe a bushe. Ko minti goma ba a yi ba wakilin Rasha, wani yaro mai Turanci kamar ruwa, ya jefo mata tambayar nan kusan kalma da kalma. Ina daga baya inda aka ajiye malamai, ba mu da ikon ko tari. Ta miƙe a hankali. Ta ce tawagar Faransa ba ta musun cewa sojojinta sun bar Mali a 2022, sun bar Burkina Faso da Nijar a 2023, kuma ta mutunta abin da gwamnatocin suka nema. Ta ce amma kwamitin bai taru don shari'ar jiya ba, ya taru ne don mutanen da ake kora daga ƙauyukansu yau. Sai ta jawo ƙuduri mai lamba 2719 na Disambar 2023, wanda Gana da Gabon da Mozambik suka gabatar, wanda ya buɗe hanyar majalisar ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin da Tarayyar Afirka ke jagoranta, ta ce a gina daftarin a kansa. Ta ƙara da cewa ƙasarta ba ta hau kujerar na-ƙi ba tun 1989, tana fatan maƙwabcinta na teburi zai iya faɗin haka. Har shugaban zaman sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi kafin ya buga guduma.

Daftarin nasu ya sami ƙuri'a tara da ake bukata, Rasha ta hau kujerar na-ƙi, ya faɗi. Yaranmu suka fito ransu a ɓace, wai an yi musu rashin adalci. Na ce to yanzu kun gane abin da ya sa tun 2005 Afirka take neman kujeru biyu na dindindin. A ganina darasin nan ya fi takardar yabon da aka ba ta, ko da yake takardar ma mun karɓa hannu biyu, tana nan Alhaji ya kai a sa mata gilashi.

Al'adarmu ba a tona mai alheri, amma yau ku yi haƙuri da ni. Baba tela na bakin masallaci, wanda ya rage kwat ɗin gwanjo har guda biyar da fitilar waya a baki, bai karɓi ko sidi ɗaya ba. Hajiya mai koko da ƙosai ta bakin layinmu, wadda ta ɗaure cinikin safiya guda a leda ta aiko, har da tsabar da ba ta ƙirga ba. Malam mai zaure, da uwargidansa mai muciya. Samarin tashar da suka yi karo-karo ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ga su ba su san ma mene ne taron ba, sun dai ji an ce yaran Zongo ne. Makanikin Nkawkaw. Hajiyar Nima da jikokinta da suka kwana a falo saboda mu, ta kuma sa aka raka yaran sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa na Kanda. Abokin aikina da ya kula da yara maza. Da maigidana, wanda ya riƙe gida da 'ya'ya bai taɓa cewa ya isa haka ba.

Akwai kuma nawa na jini, a nan Kumasi da ƙasashen waje, da na aika wa saƙo aka buɗe aka karanta. Ba kuɗi kaɗai na nema ba, ko "Allah Ya kai ku lafiya" ta ishe ni. Na ga wasu sun ɗora hoton yaran jiya suna cewa namu ne. Naku ne, ba a hana ba. Zumunta dai a ƙafa take. Na bar maganar a nan.

Ya Allah, duk wanda ya sa hannu a tafiyar nan, da kuɗi ko da allura ko da addu'a, Ka saka masa da abin da ya fi abin da ya bayar. Ka jiƙan iyayensa. Ka raya masa zuriya, Ka buɗa masa ƙofar da bai zata ba, Ka rufa masa asiri duniya da lahira. Yaran nan kuma Ka yi musu albarka, Ka ba su sa'ar jarabawar da ke gabansu, Ka sa ilminsu ya amfani unguwar da ta ɗauki nauyinsu. Ka zaunar da Gana lafiya, Ka kawo wa 'yan'uwanmu na Sahel sauƙi. Amin.

Mai jiki tana samun sauƙi, tana ƙarasa maganinta a gida, masu son dubiya a bari sai bayan la'asar. Lissafin duk abin da aka tara da yadda aka kashe shi yana wajen shugaban makaranta, kowa na iya zuwa ya gani. Waɗanda suka ara mana takalma da jakunkuna, ranar Asabar in sha Allahu yara za su kawo muku har gida. Akwai baƙin laktaye guda da muka rasa mai shi, a zo a karɓa a wajen Baba tela.