Darasi daga aikin ceto: tururin fetur ƙasa yake bi

Duk wanda ya daɗe a aikin kashe gobara ya san cewa idan tankar mai ta kife, tururin fetur ne ke fara kama wuta. Ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, shi ya sa yake kwanciya ƙasa, ya bi kwata da kwalbati da duk wani gangare, ya yi nisa ba tare da ido ya gan shi ba. Kaɗan ya ishe shi: da zarar ya kai kusan kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsin bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta ko salansar babur mai zafi na iya tayar da shi, wutar kuma ta bi sawunsa har jikin tankar.

A Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, tankar mai ta kife ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu, akasarinsu masu kwasar man da ya malale. A mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, a Janairun 2025, tankar mai ta kife, aka kunna janareta domin juye man zuwa wata tanka, sai wuta ta tashi. Ana cewa talauci ne ke sa mutane kwasar man. Talauci gaskiya ne, ba mai musu, amma wanda ke tsaye cikin kwata da jarka yana daidai inda tururin ya fi taruwa.

Don haka a nufi tudu, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Ƙura ko hayaƙi na nuna inda ta dosa. Idan malalar babba ce, a kwashe mutane aƙalla mita 300 ta inda iskar ke kaɗawa. Idan tankar ta kama da wuta, mita 800 ta kowace fuska, don tana iya fashewa. Kada a tayar da mota ko babur a kusa, a kashe murhu, a kira 112, lambar masu agajin gaggawa. In ana iya hango lambar da ke allon jikin tankar daga nesa, a faɗa musu: 1203 fetur ne, 1017 kuwa kulorin. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, man yana tasowa samansa ya ƙara yaɗuwa. Kumfa da yashi ake amfani da su.

Kulorin da ake tace ruwan famfo da shi ma idan iskarsa ta tsiyaye ƙasa take bi, kamar yadda aka gani a matatar ruwa ta Lamingo da ke Jos a 2015. Idan ba halin gudu, a hau bene, a rufe tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma.

Wanda sinadari ya zuba masa, a yanke rigar da almakashi maimakon cire ta ta kai, a wanke fata da ido da ruwa mai gudu na minti 15. Wanda ya haɗiyi fetur kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Aman ne ke tura man cikin huhu. Asibiti kai tsaye.