Daren da aka yi wasan daɓe domin jakuna

A daren Asabar ɗin da ta gabata na je filin makarantar firamaren unguwarmu, inda wasu matasa suka shirya wasan daɓe, suka kuma sanar cewa duk abin da aka tara a ƙofa magani za a saya da shi domin jakunan masu ɗibar yashi. Na tafi ina zaton ba za a taru ba, domin a garinmu an saba kafa gidauniya don masallaci ko marayu, amma ban taɓa jin an ajiye faifai saboda jaki ba. Sai na tarar tabarmi sun cika, yara har kan katanga.

Labarin na wani mai jaki ne da dillali ya zo yana zuga shi ya sayar. Yara biyu ne suka lulluɓa da bargo suka zama jakin, kuma an sha dariya da tutsunsu. Da aka zo wurin ɗage akumari, sai ga jan ƙyalle a gadon bayansa, nan take filin ya yi tsit. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da jakin yashi ya san wannan gyambon da mangala ke haifarwa, ƙudaje na binsa, mai shi kuma yana shafa masa baƙin man inji ko toka saboda abin da hannunsa ya kai ke nan.

Dillalin nan ma ba ƙagaggen mutum ba ne. Fatar jaki ake nema a ƙasar Sin, inda ake dafa ta a fitar da wani magani mai suna ejiao, shi ya sa aka daɗe ana lodin jakuna daga kasuwannin kan iyaka irin ta Maigatari a Jigawa. Nijar ta hana fitar da su tun 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka su domin fata a watan Fabrairun 2024. Jaka tana yin kusan shekara da ciki ta haifi ɗa guda, saboda haka abin da aka kwashe a wata ɗaya ba ya dawowa da wuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani saurayi da ya fito shi kaɗai da kuntigi, babu 'yan amshi, ya rera waƙar da ya tsara da kansa da bakin jaki. Ya tuna mini da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, wanda da wannan ɗan kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa masu ƙananan sana'o'i waƙa. Muryar saurayin ba ta gama nuna ba, wani baitin ma ya karye masa, amma da ya kawo hadisin da Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya yi wa jaki lalas a fuska, na ga dattawa suna jinjina kai.

Inda ban yarda da wasan ba shi ne yadda ya mai da mai jaki azzalumi zalla, alhali mafi yawansu talauci ne ya ɗaure su. Na ga haka ranar Litinin, da likitan dabbobi ya je bakin rafi yana wanke miki yana ɗura maganin tsutsa. Ya ce wa wani tsoho jakinsa sai ya huta mako biyu. Tsohon ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Likita, a kwanakin nan wa zai ci da iyalina?" Matasan suka koma gefe suka yi shawara, suka dawo suka ce, "Baba, da ragowar kuɗin za mu auna maka gero."