Wasiƙun da muka aika Mosko

A 1985, ina aji biyu a jami'a, wani malaminmu na tarihi ya tara mu huɗu ya ce mu riƙa rubuta wasiƙa saboda wani fursuna mai suna Yuri Orlov. Na ce, "Malam, mu da tsadar rayuwa ta sha wa kai, ina ruwanmu da ɗaurarren Rasha?" Bai tanka ba, ya miƙo mini wasu takardu da tawadarsu ta dushe.

Yarjejeniyar Helsinki ce, wadda ƙasashe 35 suka sa wa hannu ranar 1 ga Agusta, 1975, har da Amurka da Tarayyar Sobiyet. Abin da Brezhnev, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, yake nema shi ne a amince da iyakokin Turai yadda yaƙin duniya na biyu ya bar su. Ƙasashen Yamma suka ce to, amma sai an saka 'yancin ra'ayi da na addini da haɗa iyalan da aka raba. Ya yarda, har jaridar Pravda ta buga yarjejeniyar gaba ɗaya. Orlov, masanin kimiyya, ya karanta ya riƙe su da maganarsu. A Mayun 1976 ya kafa ƙungiya a Mosko mai tattara bayanan duk inda gwamnati ta saɓa alkawarin. A 1977 aka kama shi, aka yanke masa shekara bakwai a sansanin aikin dole, sannan biyar a zaman kora.

Wasiƙata ta farko zagin kwaminisanci ce daga sama har ƙasa. Malam ya karanta ya ce, "Ɗana, wannan ko maigadi ba za ta wuce ba." Shi ya koya mini yadda ake yi: sunan mutum ɗaya, buƙata ɗaya, gaisuwa ta girmamawa, sannan ka ambaci ƙa'ida ta bakwai ta yarjejeniyar, ta haƙƙin ɗan Adam, da shugabansu ya sa wa hannu da kansa. Na yi ta aikawa fiye da shekara, kuɗin kan sarki daga kuɗin abincina. Ko amsa ɗaya ban samu ba.

A Oktoban 1986 na ji a rediyo an saki Orlov. Murna ta cika ni, kamar ni na buɗe ƙofar. Daga baya na gane ciniki ne tsakanin manya, an haɗa shi cikin wata musayar fursunoni kwanaki kaɗan kafin Reagan na Amurka da Gorbachev na Sobiyet su gana a Reykjavik, babban birnin Iceland. Abin ya sosa mini rai. Amma da na natsu sai na tambayi kaina, a cikin ɗimbin ɗaurarru me ya sa sunansa ya hau teburin? Saboda shekara da shekaru jakadu suna karanta irin waɗannan sunaye a tarukan bibiyar yarjejeniyar da aka yi a Belgrade da Madrid, kuma jakada ba ya ɗaukar sunan da mutane suka manta. Ni a ganina, yawan ambaton nan ne ya mai da fursuna abin da Mosko za ta iya bayarwa don a yarda da ita a batun makamai.

A Disamban shekarar Gorbachev ya buga wa Sakharov, masanin kimiyya mai fafutukar haƙƙin ɗan Adam, waya a Gorky inda yake zaman kora, ya ce ya dawo Mosko, bayan shekara guda kuma aka sa hannu kan kawar da makamai masu linzami masu matsakaicin zango. A Disamban 1986 ɗin ne Anatoly Marchenko, wani fursunan siyasa, ya mutu a kurkuku bayan dogon yajin cin abinci. Sunansa ne na gaba a takardar da Malam ya ba ni, ban kai ga rubuta tasa ba.